Ya ce yana sona a wajen fatin ofis, kuma wata mai kamawa shi ne ogana

Salam Anti, don Allah a sakaya sunana. Shekarata 28, ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani shekara uku kenan. Akwai wani abokin aikina da teburinmu ke kallon juna, mun shaƙu sosai, shi ne ma ya sa na fara kallon The Office, shirin barkwancin nan na Amurka, kullum da safe sai ya tambaye ni inda na tsaya mu yi ta dariya, har wata ƙawata a ofis ta laƙaba mana Jim da Pam, wato masoyan da ke cikin shirin. A fatin ƙarshen shekara an yi musayar kyauta, kowa ya zari suna a takarda, ashe roƙon wanda ya zari sunana ya yi suka yi musanya. Wani ɗan littafi ya ba ni da ya rubuta maganganun da na sha faɗa a ofis waɗanda ni kaina na manta da su. Da aka kusa tashi ya raka ni wajen mota ya ce ya daɗe yana sona kuma ba da wasa yake ba, na rasa bakin magana na ce masa zan yi tunani. To Anti a wannan fatin dai manaja ya sanar cewa daga wata mai kamawa shi ne shugaban sashenmu, wato shi zai riƙa sa hannu a takardar auna ƙwazona da hutuna, ga shi ni da wata abokiyar aikinmu muna neman ƙarin girma kuma gurbin ɗaya ne. Sannan wani ya ɗauke mu bidiyo muna tsaye a jikin mota ya saka a guruf ɗin WhatsApp na ofis, an goge daga baya amma kowa ya riga ya gani. Kuma na ji ƙishin-ƙishin cewa kafin zuwana ya taɓa soyayya da wata a wani sashen, da suka rabu ta ajiye aiki, ban san gaskiyar abin ba. Kwana goma kenan muna ta kauce wa juna. Wallahi ina sonsa, amma da aikin nan nake biya wa ƙannena kuɗin makaranta. Ƙawata ta ce in amsa masa kawai kar in yi asarar mutumin kirki. Me zan yi?

Wa alaikis salam ƙanwata. Kafin komai ki sani wannan "zan yi tunani" da kika ce masa ba rashin wayo ba ne ba kuma wulaƙanci ba ne, ita ce amsar da ta dace da daren, don an tare ki ne da magana mai nauyi cikin hayaniya da kiɗa da gajiya, ga idanun mutane, ga sanarwar da aka yi mintuna kaɗan kafin nan wadda ko zama ba ki yi kin auna ta ba. Don haka ki daina tuhumar kanki. Kuma son da kike masa ba abin kunya ba ne. Mutumin da kike wuni da shi awa takwas, kin ga yadda yake idan aiki ya cakuɗe, kin ga yadda yake magana da mai shara da yadda yake magana da manaja, ai kin san shi fiye da yadda mata da yawa suka san wanda ke zuwa musu hira sau ɗaya a mako da turare da zaɓaɓɓun kalamai. Littafin nan ma ya taɓa min zuciya gaskiya, wanda ya zauna yana rubuta maganganunki ya saurare ki da gaske.

Amma akwai tambayar da ke ta yi min yawo tun da na karanta wasiƙarki, me ya sa sai a wannan daren? Ba a wayi gari a naɗa mutum shugaban sashe ba tare da an zauna da shi tun da wuri ba, kenan da wuya a ce bai san sanarwar na tafe ba. Zai iya yiwuwa ya ga ƙofa na shirin rufewa ne, ya ce bari in faɗa mata tun muna daidai kafin in zama a samanta, kar daga baya ta ɗauka da muƙami nake neman ta. In haka ne akwai mutunci a ciki. Zai kuma iya yiwuwa farin cikin ƙarin girma da daɗin fati ne suka kwashe shi, ya sauke abin da ke ransa bai tsaya ya duba inda nauyin zai faɗa ba. Ko wanne ne dai, a kanki nauyin ya faɗa, ke ce aka bari da amsa, ke ce ake kallo a ofis, kuma ke ce za ki riƙa miƙa masa fayil ya sa hannu ko kin ce eh ko kin ce a'a. Ba wai ina zarginsa da mugun nufi ba ne, ina so ne ki ga cewa shi ma akwai aikin da ya rage masa, ba ke kaɗai ce ke da bashin amsa ba.

Yanzu bari mu je ga Jim da Pam tunda ƙawarki ta kawo su, don ni ma na kalli shirin kuma ina ganin ta tsinci ɓangaren da ya yi mata daɗi ne ta bar sauran. Shirin ya fara ne a tashar NBC a 2005 ya ƙare a 2013, zango tara, an kwaikwayo shi ne daga na BBC ta Ingila da ya fito a 2001. A zango na biyu, fitowar fatin Kirsimeti ta Disambar 2005, Jim ya ba Pam butar shayi da ya cika da ƙananan abubuwan da su biyu kaɗai suka san ma'anarsu, har ya saka kati sannan ya zare shi kafin ta gani, ina kyautata zaton daga nan mutuminki ya samo dabarar littafinsa. A ƙarshen zangon, Mayun 2006, a wani daren fati na kamfanin ya tare ta a wajen ajiye motoci ya faɗa mata yana sonta. Kin ga har wurin ya zo ɗaya da naki shi ya sa abin ke ruɗa ki. To amma ki duba da kyau, a lokacin Pam tana risefshan ne Jim kuma yana sashen sayar da kaya, babu wanda ke sa wa wani hannu a takarda, babu wanda albashinsa ke hannun ɗaya. Kuma da ta ce masa ba zai yiwu ba, saboda an riga an yi mata baiko da Roy, bai zauna yana ɗaure mata fuska a ofis ba, shi ya tattara ya karɓi canjin wurin aiki daga Scranton zuwa reshen Stamford. Sai da shekara guda ta zagayo, Mayun 2007, sannan ya gayyace ta fita, aurensu kuwa sai Oktoban 2009. A tsakanin nan akwai Karen da ya yi soyayya da ita ya bar ta da ciwon zuciya har ta koma reshen Utica, ita ba a cika tuna ta ba idan ana yabon labarin.

Abin da ya fi kama da naki yana zango na shida ne, lokacin da aka ɗaga Jim ya zama manaja tare da Michael, wanda da ma shi ne manajan reshen, Pam kuma ta riga ta koma sashen sayar da kaya. Aka ce kuɗin ƙarin albashi ba zai ishi kowa ba, Jim ya yanke cewa a ba masu sayar da kaya tunda su ke shigo da kuɗi, nan take ofis ya yi masa ca, ai don Pam na cikinsu ne. Hujjarsa tana da ma'ana amma ba wanda ya tsaya saurarenta. Sai kuma Michael da Jan, wadda ita ce ogarsa, har takarda suka sa wa hannu don kamfani ya san da soyayyarsu, amma da aka kore ta ta kai ƙarar kamfanin tana neman dala miliyan 4, a gaban lauyoyi aka buɗe littafin sirrinsa ana karantawa, aka kuma fito da rahoton da ita ta rubuta a kansa tana ba da shawarar a sauke shi daga manaja. A talabijin dariya muka yi, saboda marubuta ne ke riƙe da alƙalami kuma sun san inda za su kai kowa. Ke ba wanda ya rubuta miki zango na gaba, kuma kuɗin makarantar ƙannenki na gaske ne.

Ko a wajen talabijin ma abin ba ƙarami ba ne. A Nuwamban 2019 kamfanin McDonald's ya sallami shugabansa Steve Easterbrook saboda soyayya da wata ma'aikaciya duk da cewa da yardarta aka yi, don dokar kamfanin ta hana. A 2018 Brian Krzanich, shugaban kamfanin Intel, ya ajiye muƙaminsa kan irin wannan, a 2023 kuma Bernard Looney, shugaban kamfanin mai na BP, ya sauka saboda bai bayyana wa hukumar kamfanin cikakkiyar gaskiya kan alaƙarsa da abokan aiki ba. Na kawo miki su ne don ki ga dalilin da ya sa kamfanoni ke tsananta wa tsakanin oga da na ƙasa da shi, matsalar ita ce idan ɗaya na riƙe da abincin ɗaya, da wuya a tantance "eh" ta so da "eh" ta tsoro, kuma da wuya sauran ma'aikata su yarda ana yi musu adalci. Waɗancan manya ne shi ya sa duniya ta ji labarinsu. A ƙananan wurare, a iya abin da nake gani, wanda ke ƙasa shi ake fara matsarwa a shiru, kuma yawanci macen ce, sunanta ne ke yawo a baki bayan an daɗe da manta nasa.

Ina so ki tuna da abokiyar aikinki ma, wadda kuke neman gurbi ɗaya. Ita ba ta yi wa kowa laifi ba. Ki sa kanki a matsayinta, kin yi shekaru kina aiki tuƙuru, sai ga bidiyon abokiyar takararki da wanda zai rubuta rahoto a kanku ku biyu. Ko da ƙwazonki ne ya ba ki muƙamin, ita ba za ta taɓa yarda ba, kuma ke kanki wani lungu na zuciyarki zai riƙa tambaya. In kuma ya ba ta don ya wanke kansa daga zargi, ke aka zalunta. Ta ko'ina aka ɓullo akwai wadda za ta cutu muddin alƙalamin na hannunsa, shi ya sa nake ganin maganar alƙalamin nan ita ce gaba da maganar soyayyar.

To ga abin da nake ba ki shawara. Ki fara da nemo kundin dokokin ma'aikata na kamfaninku da takardar ɗaukarki aiki, ki karanta da kanki a gida ba tare da kin tambayi kowa a ofis ba tukuna. Ki duba ko an hana soyayya tsakanin ma'aikata gaba ɗaya, ko tsakanin shugaba da na ƙarƙashinsa kawai, ko kuwa an ce a sanar da sashen kula da ma'aikata ne, da kuma wa ake canza wa wuri idan hakan ta faru. Wasu kamfanonin ba su rubuta komai ba, in naku haka yake kar ki ɗauka an ba da izini ne, yana nufin hukuncin na hannun manaja ne ya yi yadda ya ga dama, wanda ya fi haɗari ma.

Bayan nan ki nemi ku zauna, da rana, a bainar jama'a, nesa da ofis, kuma kafin ya hau kujerar. Ba ta chat ba don Allah, rubutu yana zama, ana tura shi, kuma ba ya nuna fuskar mutum. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki tambaye shi kai tsaye mece ce manufarsa, aure yake nufi ko dai yana jin daɗin zama da ke ne, kuma in aure ne yaushe yake ganin zai gabatar da kansa a gidanku. Ki tambaye shi ko ya san da naɗin kafin ya yi miki magana, da abin da ya tanada game da takardunki. Sannan ki tambaye shi labarin waccan da aka ce ta bar aiki, cikin natsuwa ba da sigar tuhuma ba, don jita-jitar ofis takan ƙara gishiri, wataƙila ma aiki mafi kyau ta samu ta tafi. Ki lura da yadda zai yi maganarta, wanda ya ce mun gwada bai yiwu ba kuma ni ma ina da nawa laifin daban yake da wanda zai zage yana kiranta mahaukaciya ko ya fusata don kin tambaya, yadda ya yi maganarta yau haka zai yi taki idan abu ya ɓaci.

Amsar da na fi so ki sa wa kunne ita ce ta maganar aiki. In ya ce mu ɓoye kawai ba wanda zai sani, ki ja da baya, domin na farko an riga an sani, na biyu kuma ɓoyon shi yake karewa ke yake bari a fili, ranar da ta fashe za a ce kin yi amfani da shi ne kika hau. In kuwa ya ce zai je da kansa ya shaida wa manaja ko sashen kula da ma'aikata, ya nemi a cire hannunsa daga auna ƙwazonki da maganar ƙarin girman nan a ba wani, ko ya ce a shirye yake shi a matsar da shi in ta kama, to wannan ya yi tunaninki ba na kansa kaɗai ba. Shi ya buɗe maganar, shi ke sama, shi ya kamata ya fara taka wannan matakin, kar ki yarda a mayar da ke mai zuwa roƙo.

Hanyoyin da ke gabanki ba biyu ba ne kamar yadda ƙawarki ta nuna miki. Kina iya ce masa kina da ra'ayinsa amma ba za a fara komai ba sai an raba layin aikinku a rubuce. Kina iya cewa a dakata har a gama maganar ƙarin girma, wata biyu ne ko uku, wanda ya iya riƙe abu a ransa tsawon lokacin da ya cika littafi ba zai gaza wannan ba. In akwai wani sashe da kike sha'awa da ma, kina iya neman komawa can, amma da sharaɗin ba ja baya ba ne a albashi ko matsayi, kuma don kina so ne ba don an tura ki ba. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ki ajiye aiki saboda alkawarin baki, ko da ya rantse zai ɗauki nauyin ƙannenki. In kin ga dole sai barin kamfanin, sai takardar sabon aiki ta shigo hannunki tukuna.

Kina kuma da damar cewa a'a, ko da kina sonsa, in kin auna kin ga ba za ki iya ɗaukar rigimar ba. In haka kika zaɓa ki faɗa masa sau ɗaya a fili cikin girmamawa, kar ki bar shi yana rataye. Sannan ki adana kofin rahotannin ƙwazonki na shekarun baya da duk wani imel na yabo da aka taɓa turo miki, a wajen kwamfutar ofis in dokarku ta yarda, ki riƙa rubuta kwanan wata idan kika ga an fara canza miki, kamar hana hutu ba dalili ko cire ki daga mitin. Ina fatan ba za ki taɓa buƙatarsu ba, mai yiwuwa ma mutumin kirki ne da zai karɓi amsar ya ci gaba da mutunta ki, amma ajiye su ba ya cutar da kowa.

Maganar bidiyo kuwa, wanda ya ɗauka bai kyauta ba sam, kuma kina da haƙƙin jin haushi. Kar ki ce komai a guruf, duk abin da kika rubuta can ƙara wa wutar itace ne. In kin san wanda ya saka, ki same shi shi kaɗai ki ce masa bai nemi izininki ba, ya goge daga wayarsa kuma kar ya sake. In akwai wanda ya adana hoton saƙon ki karɓa ki ajiye, idan tsokanar ta ci gaba sai ki kai wa sashen kula da ma'aikata da hujjarki. Wanda duk ya zo da "ashe ashe" ki ce masa raka ni mota ya yi, ki ci gaba da aikinki, ba wanda ke bin ki bashin bayani. Ita ma ƙawarki, na san da alheri take nufi, amma ki roƙe ta ta ajiye sunan nan na Jim da Pam, a da wasa ne, yanzu kuwa duk wanda ya ji shi zai ɗauke shi shaida. Ki rage ba ta labarin abin da ke tsakaninku, ki nemi wani babba a gida da kika yarda da hankalinsa, wanda ba ruwansa da ofishinku, ki faɗa masa komai har da maganar naɗin, ki kuma dage da addu'ar zaɓin alheri.

In kin tambaye ni ra'ayina, ni ban ga dalilin da zai sa ki rufe masa ƙofa yanzu ba, alamunsa na farko masu kyau ne, amma ba zan so ki ce eh ba matuƙar shi ke sa hannu a takardunki. Kuma wannan ɓuyan na kwana goma ya isa haka, shi ma yana jawo ido. Gobe in kin shiga ki gaishe shi kamar yadda kika saba a gaban kowa, in an tashi ki tura masa gajeren saƙo cewa kin yi tunanin kamar yadda kika ce, kina so ku zauna a ƙarshen makon nan kafin ya karɓi sabon aikinsa, ki faɗi wuri da lokaci da kanki. Ki tafi da tambayoyinki a rubuce in kina tsoron kunya za ta sa ki manta, kuma ba dole ba ne ki ba shi amsa a zaman, kina iya sauraro ki koma gida ki kwana a kai. Ki sake rubuto min abin da ya ce game da takardun, daga nan sai mu san mataki na gaba. Allah ya zaɓa miki mafi alheri ƙanwata.